Kason Gidanmu a Bangon Gabas

Abin da aka yi niyyar rushewa ba shi da yawa in ka tsaya ka lissafa. Ginshiƙi huɗu ne na ƙasa, da rufin azara, da ƙofar katako guda ɗaya, sai bango mai kaurin da yaro zai kwanta a kansa ya yi barci bai faɗo ba. Tsohon masallacin garinmu ke nan gaba ɗayansa. A jikin bangon gabas kuwa, daga kusurwar dama zuwa indararo na biyu, kason gidanmu ne, mu ke yaɓe shi tun kafin a haifi mahaifina. Da kaya ne aka kawo min shago aka ce in taya, ba zan taya ba, don ban ga wanda zan sayar wa ba. Amma a kansa na bar kasuwa ta wuce ni, ni da ban taɓa rufe shago don biki ko suna ba.

Sana'ata kayan ƙofa ce: kuba, kwaɗo, sakata, mariƙi. Da faranti na fara, ina yawo da kwaɗuna a kasuwar Sabon Gari, har Allah ya sa na yi tebur, tebur ya zama rumfa, rumfa ta kawo ni Dubai. Shagona yana Murshid Bazaar, a wani lungu da ba ka jin komai sai ƙarar salatif ana ɗaure kwali da muryar masu tura kaya suna neman hanya. Yawancin kayana na ƙasar Sin ne. Amma akwai masu gina manyan gidaje a Abuja da Kano waɗanda ba sa son kubar da za ta saki bayan damina biyu, su nake ajiye wa ta Turai.

Wanda ke kawo min ta Turai ɗin wani Bature ne mai furfura a gemu, daga arewacin Sifen. Ranar da muka fara haɗuwa na ce masa ɗan Sifen, ya gyara min, ya ce shi Bask ne, suna da yarensu da babu mai jin sa sai su. Na gane abin da yake nufi, don mu ma a nan kowa ɗan Afirka yake ce mana, kamar gari ɗaya muka fito. Da Turancin kasuwa muke magana, nawa a karye, nasa a karye, shi ya sa muke fahimtar juna.

Shekara biyu kafin korona muna tsakiyar wani babban ciniki, ina jiran amsar mai sayen kayan daga Abuja, sai Baturen ya rufe jakarsa ya ce gobe zai tafi gida. Na ɗauka salon matsa min ne, don ni ma ina yi wa mutane haka.

Na ce, "Habibi, zauna mana. Ƙara min kwana biyu mu gama."

Ya ce, "Ba zai yiwu ba. Ranar Asabar gidanmu ne ke kan layin gyaran rufin coci."

Na yi dariya na ce, "Kai da ka ce min rabonka da ibada tun auren 'yarka? Aika musu kuɗi su ɗauki leburori."

Ya dube ni kamar na ce ya ɗauki wani ya riƙa ci masa abinci. Ya ce, "Kuɗi suna da shi. Mutum suke jira."

Sai ya ciro wayarsa ya fara nuna min hotuna. Wani ƙauye ne tsakanin duwatsu, ko'ina shar, ya ce da wuya mako ya wuce ba a yi ruwa ba. Cocin na dutse ne, bangonsa kamar ganuwa, tagoginsa ƙanana can sama, da hasumiyar ƙararrawa gajera mai faɗi. An kewaye shi da wata doguwar rumfa a kan ginshiƙan katako, rufinta na jan kasko irin nasu. A ƙarƙashin rumfar akwai teburin dutse, ya ce nan dattawan ƙauyen suke zama tun dā su raba rigimar gona da ta kiwo. Rufin rumfar ne zai koma gyarawa. A waje kuma akwai gefen bangon da ya yi sumul, yara ke buga masa ƙwallo da tafin hannu.

Ya nuna min ciki. Akwai bene na katako da tsufa ya mayar baƙi, daga dajin ƙauyen aka saro iccen. Mutumin da ƙarfe yake sayarwa, amma sai ga shi yana min alfahari cewa da ƙusar icce aka haɗa katakon. Maza ke hawa benen, mata su zauna a ƙasa. Daɓen kuwa faffaɗan duwatsu ne a jere, kowane dutse na gida guda ne. A ƙarƙashinsu ake binne mutanen gidan a zamanin dā. An daina binnewa tuntuni, amma har yanzu uwar gida a kan dutsen gidansu take zama. Ya nuna min nasu, da wani ɗan allo a kai wanda aka naɗe da siririn kyandir na kakin zuma kamar igiyar guga, ya ce mahaifiyarsa ke kunna shi. Ya ce dutsen ba na mutum ba ne, na gida ne. In gida ya koma hannun wasu, da dutsen da aikin gyaran duka suke gada.

Ban san ibadarsu ba, ba kuma ita ce ta kama ni ba. Maganar gida ne ke da wuri, ita ce ta tsaya min. Baturen ya tafi, na rufe shago da yamma na kama hanyar Hor Al Anz inda nake kwana, iska mai zafi tana fitowa daga bayan na'urorin sanyi tana dukan fuskata. A wannan titin, inda babu komai sai warin kwalta da soyayyen abincin Indiyawa, na ji warin makuba a hancina.

In ba a ƙauye ka tashi ba, makuba ɓawon ɗorawa ce. Da bazara, in ɗorawa ta nuna, mu yara mu sha garinta har bakinmu ya yi rawaya, ɓawon kuma ba a zubarwa. Kakata, wadda ta haifi mahaifina, ita ke tara shi a bayan rumbu. In lokaci ya yi ta jiƙa shi a wata tsohuwar randa mai tsage a baki, ruwan ya riƙa rinewa har ya koma kamar shayin da aka manta a wuta. Warinsa tsami-tsami ne, yana kama tufafi, yana bin ka har shimfiɗa. Da ruwan nan ake shafe yaɓe, shi ke hana ruwan sama cin bango. Maigida take ce min. In na toshe hanci ta ce, "Maigida, warin arzikin gidanku kake gudu? Zo ka juya min." Ta miƙo min muciya da ta fi ni tsawo.

Maza kuma suna can kududdufi suna haƙar ƙasa, jakuna na kawowa a mangala. A zuba ta a ƙofar masallaci, a watsa mata busasshiyar ciyawa da ruwa, mu shiga da ƙafa mu yi ta tattakawa. Ba a amfani da ita ranar. Sai an bar ta ta kwana ta kwana ta ruɓa, ta yi danƙo. Duk garin ya san damina ta kusa in ya ga tudun nan.

Kowane gida yana da kasonsa a jikin masallacin, babu rubutu, amma babu mai shiga na wani. Gidan maƙera ke da bangon arewa. Mahauta ke da gefen ƙofa. Masaƙa da gidan liman suka raba kudu. Rufi da indararo na samarin gari ne duka. Mu aka ba gabas, wai don kakan mahaifina ne ya ba da giginyun gonarsa aka tsaga azarar rufin. Ƙa'idar ɗaya ce: ba a aike. Kana iya kawo abinci, kana iya kawo goro, kana iya kiran maƙwabta su taya ka, amma sai ɗan gida ya sa hannunsa a ƙasar. Gidan da babu namiji, matar gidan za ta zo ta dunƙula curin farko ta miƙa, sannan maƙwabta su ƙarasa.

Na ga shekarar da wani dillalin gyaɗa, wanda ya fi kowa kuɗi a garin lokacin, ya turo leburori daga birni su yi masa kasonsa. Dattawa ba su yi faɗa ba. Suka shimfiɗa wa baƙin tabarma a inuwa, aka dama musu fura, da la'asar aka raka su bakin hanya. Masallaci ya sha sabon yaɓe ko'ina, sai kason mutumin nan aka bari tsirara, duk wanda ya zo sallah sai ya gani. Bai ɗauki lokaci ba ya zo da kansa, ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshen dalbejiya, ya naɗe wando. Babu wanda ya ce masa komai sai sannu da aiki.

Kakana dogo ne marar yawan magana, tafin hannunsa kamar faifai. Ranar yaɓe tun da sassafe yake tsayawa a gaban kasonmu, ya bi bangon da hannu yana ƙwanƙwasawa, inda ya saki ya ɓamɓare. Sannan ya ɗora ni a kafaɗa ya ba ni curin farko. Wata shekara na shafa shi a hankali don kada ya ɓata min riga, ya faɗo a kansa. Ya ce, "Ka ƙwace min mata, aikin ma ba za ka iya ba? Ba lallashinsa za ka yi ba, abokina. Mara masa." Mutane suka yi ta dariya, kakata daga inda mata suke tsaye ta ce a bar mata mijinta ya huta.

Da tafin hannu ake yaɓen, shi ya sa kowane gida da irin zanensa. Na maƙera kaushi ne, suna yi kamar suna fushi da bangon. Na gidan liman sumul. Kakana yana jan hannunsa rabin da'ira, ɗaya a kan ɗaya, in ya bushe sai ka ga kamar ɓawon kifi. Baƙo zai ga bango ne kawai. Mu kuwa in muka zagaya masallacin muna iya gaya maka wa ya tsufa bana, wa ya yi ciwo, gidan wa aka samu sabon hannu.

Cikinsa kuma ban sake shiga wuri irinsa ba. Da azahar ɗin bazara, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, kana sunkuyawa ka shiga ƙofar nan sai ka ji kamar ka zura kai a randa. Duhu-duhu ne, sai idonka ya saba kake ganin ginshiƙan, kowanne mutum biyu ba sa rungume shi. In ka ɗaga kai ka ga azara an jera ta a karkace, wannan ta hau wannan, kamar saƙar tabarma. Tsattsewa na da sheƙa a kusurwa, ladan ya hana a taɓa ta. Liman ba ya ɗaga murya, ginin ne ke kai ta sahun baya. Na yi sallah a masallatan da aka kashe musu dukiyar da ba ta ƙirguwa, a nan da Makka da Madina, na kuma gode wa Allah. Amma in na rufe ido na ce masallaci, wancan duhun mai sanyi nake gani.

Ranar ruwan farko kakana ba ya zama. Yana tsaye a bakin zaure, ruwa na feso masa, yana kallon yadda indararo ke zubarwa nesa da gindin bango. In aka ɗauke ya je ya dafa kasonmu. In ya dawo ya ce a ƙara masa tuwo, mun san yaɓe ya kama.

Bayan rasuwarsa, ina Kano ina fama da farantina, 'yan garinmu da ke aiki a birane suka haɗa ƙungiya. Abin da suka fara yi shi ne shafe masallacin da siminti, ciki da waje, don a hutar da tsofaffi daga aikin kowace shekara. Da kyakkyawar niyya suka yi, kowa ya yi murna, aka yi masa fenti fari da kore. Ya yi kyau ƙwarai a shekarun farko. Abin da ba a lura da shi ba, ginin ƙasa yana shan ruwa yana kuma fitarwa. Siminti ya tsage daga sama, ruwa ya samu hanyar shiga, bai samu ta fita ba. Tunda kuma babu sauran ranar yaɓe, babu mai bin bango da hannu, babu mai hawa rufi ya duba indararo. Kakata ta mayar da randar makuba wurin zuba dusa. Ginin ya yi ta ruɓewa a cikin rigarsa, daga waje kuwa fes.

Shekarar korona, kasuwa a rufe, muna zaune a ɗaki ni da abokan kwanana kowa da wayarsa, hotuna suka fara shigowa zauren 'yan garinmu. Damina ta yi ƙarfi. Simintin ya ɓare kamar ɓawon dafaffen ƙwai, gefen rufin yamma ya rufta tsakanin azahar da la'asar, Allah ya sa babu kowa a ciki. Kafin mako ya zagayo an yanke shawara: da kaka za a rushe, a gina babba na bulo da kwano. Aka rubuta ni a kan ƙofofi da makullai. Na amsa, don aikin Allah ne kuma abin hannuna ne. Amma na kasa cin abinci.

Na kira baffana, ƙanin mahaifina, shi ne babba a gidanmu yanzu. Muka gaisa, na tambayi gwiwarsa, ya tambayi kasuwa.

Na ce, "Baffa, ashe ba za a gyara ba?"

Ya ce, "Alhajin Dubai ke nan. Kai kana sallah a kan kafet sanyi na busa ka, mu kuma mu ci gaba da sujada ƙasa na zubo mana a ƙeya, don in ka zo hutu ka samu abin kallo?"

"Ba haka nake nufi ba, Baffa."

"To yaya kake nufi? Ranar Juma'a rabin gari a rana suke sallah. Kai yaushe rabonka da sa goshi a cikinsa?"

Gaskiya ya faɗa. Ni ɗan kasuwa ne, na san lokacin da kaya suka fi ƙarfina. Masallacin ba zai tsira ba, kuma ba ni da bakin cewa ya tsira. Amma na kuma san in ba ka samu duka ba, kana iya neman yanki. Akwai fili a yamma. In aka ja sabon ginin baya kaɗan, bangon gabas zai iya tsayawa a gabansa kamar katanga, ba ya tare wa kowa komai.

Kafin in kai maganar na kira Baturen, shi ma yana kulle a ƙauyensu. Na tambaye shi yadda suka yi nasu ya kai yanzu. Ya ce babu wani sirri, ba su taɓa daina taɓa shi ba ne kawai. Sannan ya ce kada in ɗauka su ma sun tsira, a Asabar ɗin da ya bar cinikina ya tafi, duk wanda ya hau rufin nan yana da furfura.

Baffa ya kai maganata gaban dagaci da liman da dattawa. Da ya kira ni, daga sallamarsa na san akwai wani abu.

Ya ce, "Sun yarda a bar bangon. Amma da sharaɗi, kuma kada ka zargi kowa, ni na kawo shi."

Na ce, "Ina ji, Baffa."

"Bangon ƙasa ba hoto ba ne da za ka rataye. In an bar shi, sai an yaɓe shi kowace shekara. Ni gwiwa ta ƙare. Ka san ƙa'ida, ba ma karɓar aike. Ba ƙaninka ba, ba 'ya'yana ba, kai da ka nema. Shekarar da ruwa ya sauka ba ka zo ba, da kaina zan kira mai katafila."

Na so in taya, don halina ne. Na ce ko shekara bibbiyu. Ya ce, "Damina shekara bibbiyu take zuwa a Dubai?" Na ce na karɓa.

Bazarar da ta biyo baya ta faɗo cikin azumi, a lokacin da jirage tsakanin nan da gida suke tashi yau a dakatar gobe. Kasuwa ta fara farfaɗowa, mutumin Abuja ya dawo da wani aikin da ya fi na farko, yana so in tsaya a kan kayan da kaina har su shiga kwantena. Maƙwabcina a kasuwa, Bakano ne, ya ce, "Alhaji, khalas, bar maganar nan, wannan ai rigima ce. In ka fita ba ka san ranar dawowa ba. Saboda katanga?" Lissafinsa daidai ne, ni ma na yi shi na ga haka. Na bar wa yaron shagona makulli na tafi.

Na tarar da sabon masallaci an kai shi rufi, fili guda, ya ci uku na tsohon. Ginshiƙan nan huɗu babu ko alamarsu. Azarar, wasu an yi girki da ita, wasu na gan su a garken awakin wani gida. Bangon gabas yana tsaye shi kaɗai an ɓare masa siminti, duk ramuka, ya fi yadda nake tuna shi gajarta. Na dafa shi na ji yana marmashewa. Zanen kakana babu ko ɗaya, simintin ya tafi da shi.

Makuba ma sai da na je kasuwar wani ƙauye na sayo, don ɗorawar garinmu an sare yawanci. Matar baffa ce ta tuna yadda ake jiƙawa, a robar wanki ta yi. Ƙasa kuwa a bayan motar a-kori-kura aka kawo. Ni kaɗai na tattaka ta, samari na tsaye suna ɗaukata a waya.

Ranar yaɓe na fito bayan asuba saboda azumi. Aka kawo wa baffa kujera ya zauna. Na mara curin farko ya faɗo. Na biyu ma ya faɗo. Baffa ya ce, "Hannun ya saba da sanyi. Jiƙa bangon tukuna, Alhaji, ba kwali ba ne." Ina cikin haka sai ga wani tsoho daga gidan maƙera yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da baffa, "Namu na arewa ya tafi. Ko za ku sam mana wuri a naku?" Baffa bai dube ni ba ma, ya nuna masa daga kusurwa. Kafin rana ta yi zafi wani dattijo daga gidan mahauta ya zo, sai ƙanin liman, sai wata tsohuwa daga gidan masaƙa da babu sauran namiji a gari, ta dunƙula curi ta miƙa min ta ce in ɗora mata. Duk wanda ya zo baffa ya yanka masa daga namu. Babu kiɗa, babu fura, babu yara a kafaɗa. Tsofaffi ne 'yan kaɗan masu azumi, suna aiki suna hutawa, suna gardamar inda iyakar kowa ta tsaya. Da muka gama, abin da ya rage wa gidanmu bai fi in buɗe hannuwana biyu ba.

Na ce da baffa, "Na zo ceton kasonmu, ka rabar."

Ya ce, "Da kai kaɗai ne, da yanzu kana asibiti."

Ruwa ya sauka ina gari, don hanyar dawowa ta rufe kamar yadda maƙwabcina ya faɗa. Na yi watanni ina jira, daga ƙarshe sai ta wata ƙasa na zagayo. Na tarar mutumin Abuja ya koma wurin wani, bai kuma dawo ba har yau. Ɗakin ajiyar da nake haya a saman shago na sake shi, don ban iya riƙe biyu ba. Ban ga laifin kowa ba, kasuwa ba ta jiran mutum.

Yanzu ina zaune a shagon, ana ɗaure kwali a waje, ina wannan lissafi. Masallacin da na sani ya tafi, da sanyinsa da duhunsa, kuma mutanen garinmu sun fi jin daɗin sabon, ba zan ce ba su da gaskiya ba. Babban mai sayen kayana ya tafi. Kason gidanmu ya ragu. Tsohon nan na gidan maƙera ya rasu da kaka, ban san ko gidansu za su turo wani ba. 'Ya'yana a waya suka ga bangon, babban ya ce min ya yi kyau, irin yadda ake gaya wa uba. Abin da na samu shi ne bango guda na ƙasa ya ga damina ya fita a tsaye, da hannun gida biyar a jikinsa, nawa ne mafi muni a ciki. Na saba in na biya kaya sun zama nawa. Wannan kuwa shekara ɗaya kawai na saya da duk abin da na kashe, ta baɗi sai na sake zuwa da kaina.